Buddhadeb Dasgupta da fim mai ƙarancin magana

A Damagaram, in aka ce fim ɗin Indiya, rawa da waƙa ke zuwa a rai. Darakta Buddhadeb Dasgupta bai bi wannan layi ba. An haife shi a 1944 a Anara, kusa da Purulia a Bengal ta Yamma, mahaifinsa likita ne a hukumar jirgin ƙasa. Ya karanci tattalin arziki a Kalkata, ya koyar da shi, yana rubuta waƙoƙi cikin harshen Bengali. Dogon fim ɗinsa na farko, Dooratwa, ya fito a 1978. Sau biyar fim ɗinsa ya ci kyautar fim mafi kyau ta ƙasar Indiya. Ya rasu a Kalkata a 2021.

Fim ɗinsa da zai fi shiga ran ɗan Nijar shi ne Uttara na 2000, wanda ya samo masa kyautar darakta a bikin fina-finai na Venis, a Italiya. Ma'aikatan jirgin ƙasa biyu ne a wata tashar ƙauye, ba su da abin yi sai kokowa da juna, ana ta'asa a gefensu ba su ko waiga ba. A Bagh Bahadur na 1989 kuwa, mai rawar damisa ne ya rasa ƴan kallo da aka kawo dabbar gaske garin.

Dabararsa: kamara nesa, mutum ɗan ƙarami cikin fili, ɗauka mai tsawo ba yankewa, magana kaɗan. Masu fim na nan za su iya gwadawa a duwatsun unguwar Birni ta Damagaram, amma da sharaɗi. Haske mai laushi bayan la'asar sakaliya bai cika wuce rabin awa ba, don haka a gama gwaji tun da rana, kowa ya san inda zai tsaya. Doguwar ɗauka ba ta yafiya: ɗan wasa ya kalli kamara a daƙiƙar ƙarshe, sai a koma farko, rana kuma ta faɗi. A ɗora kamara kan ƙafafunta, a kulle haske da hannu, in ba haka ba hoton zai riƙa yin duhu da fari yayin da take juyawa.

Sauti ne ya fi kayar da mutane. Da kamara ta yi nisa, makirfonta iskar hunturu kawai take kwasa. A maƙala wa ɗan wasa ƙaramar makirfo cikin riga, sannan a naɗi sautin wurin shi kaɗai na minti biyu don haɗawa.