Daga Shendam aka fara

Jiya bayan sujada a nan Jos na zauna da wani tsohon Fada na ƙungiyar SMA (ƙungiyar 'yan mishan Katolika masu aiki a Afirka), har yanzu hirar ba ta bar raina ba.

Na ce, "Fada, me ya kawo magabatanku?" Ya yi dariya, ya ce sun zo ne su yi aikin da wata rana ba za a ƙara bukatarsu ba. Wanda ya kafa ƙungiyar a Liyon ta Faransa a 1856, Bishop Marion Brésillac, burinsa 'yan ƙasa su zama limaman cocinsu. Shi bai ma ga komai ba: ya sauka Firitawun ta Saliyo a 1859, ciwon shawara ya kashe shi cikin makonni. Duk da haka wasu suka biyo baya, har Fada uku suka iso Shendam, a Jihar Filato ta yanzu, a 1907.

Abin da ya fi taɓa ni, wai addu'a da koyon yaren mutane su ne farkon aiki, gini daga baya. Ni da ko addu'ar safe sai na yi ta jan ƙafa! Fadan da ya jagoranci sujadar jiya kuwa ɗan Filato ne, da Hausa ya yi wa'azi.