Igiyar anka ce ta fi ba ni tsoro ranar guguwa

Jama'a, daga 1 ga Yuni har 30 ga Nuwamba duk mai jirgin ruwa a yankin Karibiyan barcinsa rabi da rabi ne, don lokacin mahaukaciyar guguwa kenan a tekun Atlantika, Satumba kuma ta fi kowane wata yawan guguwa. Jirginmu ƙarami ne, irin wanda iska ke turawa da ƙyalle, kuma ba mu da halin fitar da shi tudu, sai dai ya ci guguwar a kan anka, wato ƙarfen nan mai nauyi da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi.

Cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Miami tana fitar da bayani duk bayan awa 6, gargaɗin farko yana zuwa awa 48 kafin iska ta iso, na biyu awa 36. Ni dai da na ji na farkon nake tashi tsaye, in ka jira na biyu zaka tarar duk wani lungu mai kariya an riga an cike shi.

Tuɓe jirgin muke fara yi tas. Ƙyallayen duka sai an sauke an shigar ciki, ba wai a naɗe a bar su a sama ba, musamman na gaba ɗin nan da ake naɗewa a jikin waya, iska na samun ɗan bakinsa shikenan ta warware shi ta fara jan jirgin kamar akuya. Rumfa, sola, ƙaramin kwale-kwale, har tuta ban bari. Dalili kuwa, in gudun iska ya ninka biyu matsinta ninkawa yake huɗu, kuma kilomita 119 a awa shi ne matakin farko ma cikin matakai biyar na ƙarfin guguwa.

Ranar lafiya sarƙa da igiya mita 5 zuwa 7 muke saki a kan kowace mita ta zurfin ruwa, ranar guguwa sai 10, kuma a lissafin dole ka haɗa da tumbatsar da teku zai yi. Anka ɗaya ba ta isa, biyu ko uku ake watsawa ta fuskoki daban daban, saboda in idon guguwar, wato tsakiyarta, ya wuce ta kanku iska juyowa take ta ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. Laka ko yashi muke nema, sannan mu sa inji a ribas mu ja har mu ji ta kama daram.

Amma wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne wurin da igiya ke goga a goshin jirgi. Igiyar nailan tana miƙewa tana dawowa, alherinta kenan, ita ke shanye fizgar igiyar ruwa, sai dai wannan miƙewar ce ke sa ta gogayya da ƙarfe sau dubbai cikin dare ɗaya har ta ɗau zafi ta narke daga ciki. Akwai lokacin da na sa mata tiyon roba ina ganin na kare ta, da gari ya waye na zame tiyon sai naga zaren ya dunƙule yayi ƙyalli yayi tauri kamar narkakkiyar leda, igiyar da ta kai kaurin babban yatsana saura ƙiris ta rabu. Roba ba ta barin ruwa ya shiga ya sanyaya ta. Tun ranar kambas mai kauri nake naɗa mata ko tsohon tiyon 'yan kwana-kwana, in ɗaure shi tam, in ƙara igiya ta biyu a wani maɗaurin daban.

Sauran aikin ba wuya, a rufe bawul ɗin ƙasan jirgi banda magudanar ruwan sama, a cika batir saboda famfon zuƙe ruwa, a liƙe duk kafar iska da tef.

Daga nan kuma sai mu sauka, ba na yarda kowa ya kwana a ciki. A Satumbar 2017 guguwar Irma ta tattara jiragen da aka ɓoye a Paraquita Bay na tsibirin Tortola ta jibge su kan juna, wurin da dama don kariya ake kai su. In iska ta kai haka ko rarrafe zuwa goshin jirgi ba zaka iya ba balle ka gyara igiya. Ina ɗaukar hoton kowane ƙulli, in sa takardun jirgi a leda, mu fita tun da sauran haske.