Jaririyar ƙanwata tana kwalba

Ƙanwata ta haihu a Gusau, cikin bai cika wata bakwai ba. Yarinyar ko kilo 1.5 ba ta kai ba, aka sa ta a kwalba.

Likita ya ɗora na'urar sikanin a maɗigarta, ya ce, "Hajiya, jini ya ɗan zuba a ƙwaƙwalwa." Wallahi sai da na nemi wurin zama. Ashe bakwainin da bai kai mako 32 ba, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa ba su yi ƙwari ba, sukan fashe, galibi cikin kwana 3 na farko. Irin wannan zubar jinin ya kasu mataki 4. Na 1 da na 2 yawanci jiki ke shanyewa. Na 3 da na 4 su ne ke iya tara ruwa a kai, ko su jawo farfaɗiya da matsalar tafiya daga baya. Nata na 2 ne, alhamdulillah.

Yanzu ana ta auna kanta da tef, a ga ko yana kumbura. Gwaggo ta dage sai an gasa mata cibi, nas ta ce ko ɗaga ta da ƙarfi kada a yi.

A sa mu a addu'a, jama'a.