Kurtun Kawu da Zanen Littafin 'Yan Aji Biyu

Littafin farko da na yi wa zane ya iso mini daga Kano ranar wata Lahadi, a cikin kwalin taliya. Direban da ke kai 'yan kasuwa Gujungu ne ya sauke mini shi a bakin titi. Ɗan littafin karatu ne na 'yan aji biyu, shafi 32, wata malama da muke koyarwa tare ta rubuta labaran, ni kuma na yi zane 14. Ban iya haƙurin isa gida ba, nan gindin darbejiya na kwance igiyar na buɗe. A shafi na bakwai akwai wata tsohuwa tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, kwana huɗu na yi a kan fuskarta kaɗai. Abin da na tarar wani baƙin dunƙule ne da ɗankwali a samansa. Babu tamojin goshi, babu murmushi, ko mazarin da ke hannunta ya haɗe da zaninta. Jikina ya yi sanyi, na daɗe a tsaye da littafin a hannu.

Na kira mai maɗaba'ar raina a ɓace. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, amma layukanka sun yi cunkoso. Takardarmu shan tawada take yi." A ranar ban karɓi maganarsa ba. Daga baya na gane rabin laifin nawa ne, ko ma fiye.

Injin da ke buga irin waɗannan littattafai namu masu araha abu biyu ya sani: inda tawada za ta sauka da inda ba za ta sauka ba. Bai san toka-toka ba. Duk wata inuwa da mai karatu ke gani a zanen alƙalami idonsa ne ke haɗa ta, daga baƙaƙen layuka da farin da ke tsakaninsu. To ni na yi zanen a babbar takarda, ninki ɗaya da rabi na girman shafin, kamar yadda masu zanen littafi suka saba yi. Da aka rage shi ya koma kusan kashi 67 cikin ɗari, sai komai ya ragu tare, har da ratar da ke tsakanin layi da layi. Alƙalamin zane na Rotring mai lamba 0.18, wato kaurin layinsa a milimita, da na yi ta taƙama da shi, layinsa ya koma kamar 0.12 na milimita. Takardar kuwa irin ta jarida ce, tawada na sauka sai ta ɗan bazu. Ratar ta toshe, fuskar tsohuwa ta tafi.

Wanda ya warware mini matsalar bai taɓa zana mutum ba a rayuwarsa. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, alaramma ne mai tsangaya a bayan gari, ya rubuta Alƙur'ani da ka tun yana da ƙuruciya, kuma shi ke yi wa almajirai zayyanar allo idan sun yi sauka. Na same shi bayan la'asar a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa littafin. Ya fara da faɗa mini ra'ayinsa, ya ce shi dai ba ya zana mai rai, kuma ba zai fara da tsufa ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba zane na kawo ka yi ba, tawada na kawo ka duba." Ya sa tabarau, ya nisanta shafin da idonsa, ya dawo da shi kusa. Sai ya jawo allo, ya tsoma alƙalami a kurtu, ya rubuta mim guda biyu. Ɗaya idonsa a buɗe, ɗaya ya bari tawada ta cike shi. Ya ɗora yatsa a kan na biyun ya ce, "Ɗan nan, wannan ba harafi ba ne kuma. Ka bar wa mim idonsa."

Tun daga ranar nake kallon farin takarda a matsayin abin da nake aiki da shi, daidai da tawada. Kafin na sa alƙalami, sai na yanke shawarar inda rana take a zanen, na kewaye wuraren da haske zai faɗa da fensir mai laushi, na haramta wa kaina taɓa su.

Wurin Kawu na koma ɗalibi a kan tawada ma. Kowa ya san ta allo, wadda ake haɗawa da baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro. Ita a saman allo take zama, ƙaron ne ke riƙe da ita, shi ya sa ruwa ke wanke ta tas. Ta takarda daban ce. Yakan daka bagaruwa, wadda majema ke jima da ita, ya jiƙa, ya zuba kashin maƙera, ya tafasa, ya tace, sannan ya sa ƙaro. Idan ka ja layi da ita da farko sai ka ga kamar ruwan shayi, tana shan iska tana ƙara duhu, kuma tana kama jikin takarda. Ina son ta ƙwarai, da ita nake zane a littafin da nake yawo da shi. Amma aikin da za a kai maɗaba'a ba na yin sa da ita, domin duhunta ba ya zuwa daidai, wani wuri baƙi wani wuri ja-ja, na'urar sikanin sai ta rasa wanne za ta ɗauka. Don aikin bugu tawadar Indiya nake saye a Sabon Gari idan na shiga Kano. Ita ma baƙin hayaƙi ne asalinta, sai dai ana haɗa ta da wani danƙo da ke hana ruwa wanke ta idan ta bushe. Gargaɗi ɗaya: kada ka zuba ta a alƙalamin da ake ɗura wa tawada na rubutun wasiƙa, za ta daskare a ciki ta kashe shi.

Alƙalami kuwa uku nake ajiyewa. Akwai na ƙarfe mai tsaga, Gillott 303, ƙirar Ingila, wanda idan ka danna bakinsa ya buɗe layi ya yi kauri, ka sassauta ya koma kamar gashi. Akwai Rotring 0.35 da 0.5, na daina taɓa ƙasa da haka. Sai alƙalamin gamba, wanda Kawu ya koya mini fiƙewa. A zaɓi busasshen kara mai ƙwari, a yanke shi a karkace da reza, a rage gefe da gefe, a tsaga bakin kaɗan don tawada ta samu hanya, sannan a datse tsinin a kan katako. Layinsa ba ya zuwa sumul, yana da ɗan kaushi, wani lokaci ya yi kamar zai ƙafe ya bar fari-fari a ciki. Wannan kaushin shi ne ainihin jikin kuka, shi ne katangar ƙasa da ruwan sama ya zaizaye. Duk tsadar alƙalamin kanti bai taɓa ba ni kuka kamar yadda karan da na yanko a bakin fadama ya ba ni ba.

Hanyoyin yin inuwa ba su da yawa, sanin inda kowacce ta dace ne aikin. Layuka a jere, gefe ɗaya, su ne na jinkar ɗaki da bunun rumbu, kuma dole su bi yadda ciyawar ta kwanta, daga ƙololuwa zuwa ƙasa, suna buɗewa. Idan ka ja su a miƙe kamar da rula, rufin kwano ka zana. Layi a kan layi, a gicciye, na wurin duhu ne, kamar cikin zaure ko ƙarƙashin rumbu, kuma yanzu ba na wuce hawa biyu. Na uku shi ke toshewa a bugu. Idan wuri na son baƙi sosai, gara na ɗauki buroshi na cike shi baƙi ƙirin, ya fi fita da tsabta. Ɗige-ɗige kuma na yashi ne da daɓe da jikin tulu. Yana cin lokaci, tulu ɗaya kan ɗauke ni daga azahar zuwa la'asar, kuma hannu na gajiya sai ɗigon ya fara yin wutsiya, alamar a ajiye alƙalami ke nan.

Inda na fi shan wuya shi ne fatar mutanenmu. Yawancin darussan da na gani a intanet fararen fata suke zanawa, su bar fuskar fari fat, su ɗan ja layi a gefen hanci. Idan na yi haka, yaran ajina ba za su ga kansu ba. Idan kuma na lulluɓe fuskar da layuka don ta yi duhu, abin da ya sami tsohuwata ne zai maimaitu. Sai na zauna ina kallon mahaifiyata da hantsi tana tsince wake a tsakar gida. Inna baƙa ce sosai, amma da na lura sai na ga goshinta na ƙyalli, karan hancinta da saman kumatunta da leɓen ƙasa duk haske ne. Duhun yana ƙarƙashin haɓa, da gefen da ya juya wa rana baya, da kwarmin ido. Ta ɗago ta ce, "Kai kuwa lafiya kake ƙare mini kallo?" Na ce, "Inna, aiki nake yi." Ta ce to Allah ya taimaka, ta ci gaba da wakenta. Yanzu haka nake yi: layuka masu lanƙwasa da ke bin zagayen kumatu, masu tazara, gefe ɗaya kawai, na bar goshi da hanci fari. Abin mamaki, fuskar da rabinta farar takarda ce ita ke fitowa baƙa kyakkyawa, musamman idan hula ko mayafin da ke kusa da ita an bar shi da haske.

Shanu ma sun koya mini darasi. Wata Alhamis na bi motar fatake zuwa kasuwar Maigatari da littafina, na samu gefen kara na zauna. Farar saniya Bunaji kusan ba ta cin tawada: layin jiki, baƙin hanci, bakin kunne, inuwa kaɗan a ƙarƙashin ciki, sai ka duhunta abin da ke bayanta, farinta ya fito da kansa. Jar Rahaji mai dogayen ƙaho ita ke son layuka, su bi haƙarƙari. Wani yaro Bafulatani da sandarsa a kafaɗa ya daɗe a kaina yana kallo, can ya sa yatsa ya ce tozon ya yi baya da yawa, a kan kafaɗa yake zama. Gaskiyarsa. Yaran da nake yi wa zane da shanu suke kwana suke tashi, ba za a ba su saniyar da aka kwafo daga littafin wata ƙasa su yarda ba. Na tuna zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda ba su da tozo sam. Wanda ya zana su irin shanun zamaninsa ya gani, kuma ya san su sani na haƙiƙa, shi ya sa siffa kaɗan ta ishe shi.

Yanayi ma da nasa hukuncin. Da hunturu tawada kan bushe a bakin alƙalami kafin ka kai shi takarda, sai na riƙa zuba kaɗan a murfin kwalba ina rufe sauran, da tsumma mai laima a gefe. Ƙura kuwa idan ta sauka a ɗanyen layi ta zauna ke nan. Da damina takarda ke yin sanyi, layi ya yi naso, don haka a leda nake ɗaure ta, na shanya ta kaɗan kafin aiki. Da bazara gumi ne abokin gaba, inda hannu ya dafa tawada ba ta kamawa, sai na sa wata 'yar takarda a ƙarƙashin hannuna. Wuta ba mu cika samu ba, saboda haka daga sallar asuba zuwa lokacin tafiya makaranta nake zane, sai Asabar da Lahadi.

Abu biyu ba na tsallakewa yanzu kafin zane ya bar hannuna. Nakan kai shi shagon fotokwafi a Ringim, na ce a rage shi zuwa 67, a kan takarda mafi araha da suke da ita. Duk inda ya toshe a nan zai toshe a Kano, sai na dawo na buɗe shi da farin fenti ko na kankare da bakin reza. Na biyu, a yi sikanin a kan ɗigo 600 a kowane inci (dpi) ko sama, baƙi da fari zalla, a sa a filas. Kada a ɗauki hotonsa da waya a tura ta WhatsApp, matse hoto yake yi, gefen layuka ya lalace.

An sake buga littafin bayan shekara ɗaya, na sake zana shafi na bakwai daga farko. Layukan fuskar ba su kai rabin na da ba. Ranar da na raba wa 'yan aji, wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan ai kakarmu ce, har da abawarta." Da yamma na kai wa Kawu kwafi ɗaya. Bai ce komai a kan tsohuwar ba. Ya duba rumbun da ke bayanta, ya bi layukan bunun da farcensa, ya tambaye ni da wane alƙalami na yi. Na ce da gamba. Ya miƙo hannu na ba shi, ya gwada bakin a kan babban yatsansa, ya ce tsagar ta yi tsawo, ya ciro rezarsa daga gafaka.