Tsohon ya mutu a minti na huɗu

Da farin ciki na tashi yau, wallahi. Gadar nan ta cikin wasan kwamfutar da nake haɗawa, wadda ta hana ni barci kwana uku, ta gyaru. Ashe tayil ɗaya ne tak, wato ɗan murabba'i guda na taswirar wasan, na sa wa alamar X maimakon O a wajen da ake nuna inda ƙafa za ta iya takawa, shi ya sa jarumar ke zuwa tsakiyar gada ta cije kamar an gina mata katanga. Dannawa ɗaya, shi ke nan. Na yi ta kai ta ina dawo da ita a kan gadar don daɗi kawai.

Sai ga saƙon mai zanenmu, ta gama hotunan tafiyar Maƙeriya, ɗaya daga cikin mutanen wasan. Hoto 12, uku-uku ta fuska huɗu, kowanne a cikin fiksel 48 tsawo da faɗi kamar yadda RPG Maker MZ, manhajar da nake haɗa wasan da ita, ke so. Har gudumar ta sa tana lilo a kafaɗa. Na tura mata godiya har sau biyu.

To, wannan daɗin ne ya ja ni na kira Auta da rana na miƙa masa laftop. Ban da ni da mai zane, babu wanda ya taɓa buga wasan nan. Na yi wa kaina alkawari ba zan ce uffan ba, zan zauna a bayansa in zuba ido.

Ga yadda farkon wasan yake. Tarihin hasumiyoyi bakwai ya fara hawa kan allo, sannan ɗakin Mai Fitila, tsohon da ya reni jarumar. Inuwoyi su fasa ƙofa, ya tare su, ya faɗi, ya danƙa mata mabuɗi. Wata uku na yi a kan wannan fitowa kaɗai. Kalmominsa na ƙarshe na sake su ya fi a ƙirga. Kafin jimlar ƙarshe na sa umarnin jira na firem 180, daƙiƙa uku ke nan tunda firem 60 ke yin daƙiƙa ɗaya, kiɗa ya ɗauke, ba a jin komai sai ƙarar iska. Ni kaina duk lokacin da na gwada wurin sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Auta ya ɗora yatsa a kan maɓalli ya danne, bai ɗaga ba. A wannan manhajar idan ka riƙe maɓallin, rubutu gudu yake yi. Ina kallo maganganun tsohon suna wucewa fit-fit-fit. Da aka zo wajen shirun nan sai ya juyo ya ce, “Yaya, ya maƙale ne?”

Na ce, “Bai maƙale ba.” Alkawarin shiru ya karye ke nan.

Ya fita ƙauye. Can bakin rijiya akwai wata tsohuwa da na dasa don kada wurin ya zama fili fetal. Ko suna ban ba ta ba, minti biyar ban yi a kanta ba. Magana ɗaya gare ta: “Ɗiyata, hanya da nisa, riƙe wannan,” sai ta ba da kwalbar magani. Abin da ya kamata, da zarar ta bayar a kunna ɗan makunninta na A, wanda ke shaida wa wasan cewa ta riga ta bayar, a koma shafin umarninta na biyu inda ba ta da abin bayarwa. Na manta ban sa ba. Auta ya sake yi mata magana, ta sake ba shi. Ya ƙara, ta ƙara. Ya fashe da dariya har yana buga cinya. Bai bar wurin ba sai da ya cika 99, iyakar abin da jaka ke ɗauka. Daga nan ya raɗa mata suna, wai mutuniyarsa. Duk sanda ya dawo daga daji sai ya biya ta wajenta, ko da kwalba ɗaya ya sha.

Na rubuta a takarda: a gyara tsohuwar rijiya. Har lokacin raina bai ɓaci sosai ba.

Inda abin ya tsaya min shi ne da ya kai wajen da inuwoyi ke shigowa ƙauyen da dare. Ya ajiye hannu, ya juyo gaba ɗaya.

“Yaya, tsohuwar nan fa? Kada ki ce min za su kashe ta.”

Na ce ba ta cikin labarin ma.

“Yauwa. Don Allah kada ki taɓa ta.”

Na yi ta maza na tambaye shi, “To shi tsohon fa?”

“Wane tsoho?”

“Wanda ya mutu a farko. Wanda ya rene ta.”

“Oh, na ga ya faɗi. Ai ban san shi ba, Yaya.”

Ko a jikinsa. Ya juya ya ci gaba da faɗa.

Na fara kare kaina, abin da na ce ba zan yi ba. Na ce da ka karanta da ka san shi. Na ce akwai wasannin da labari ne ƙashin bayansu, ga To the Moon na 2011, da RPG Maker XP aka yi shi, kusan babu faɗa a ciki, mutane suna zama su karanta har su yi hawaye. Ya ce shi bai ƙi karatu ba, amma daga kunna wasa sai a fara yi masa bayanin hasumiyoyi, bai ko taka ƙafa ɗaya ba tukuna. Umma tana wucewa ta bakin ƙofa, ba ta san kan zancen ba, ta dai ji ana maganar wani ya mutu ba a damu ba. Ta ce, “Ai sabo ake yi wa kuka,” ta yi gaba abinta.

Jikina ya yi sanyi.

Na so in ce yaro ne, ba shi da haƙuri. Amma na san ba gaskiya ba ne. Na sha ganinsa ya yi makonni a kan wasa guda, yana karanta bayanin kowane takobi. Kuma da na natsu na tuna da mutuwar da ta fi taɓa ni a wasa, ta yarinyar nan mai sayar da furanni a Final Fantasy VII na 1997. Sai ƙarshen faifai na farko take zuwa. Kafin nan ka yi sa'o'i da yawa da ita a tawagarka, ka saya mata makami da kuɗin da ka sha wuya ka tara, ta warkar da kai lokacin da ranka ya kusa ƙarewa. Bayan ta tafi, ka buɗe jerin mutanenka ka ga babu ita. Hannunka ma sai ya ji rashinta.

Ni na yi shekara ɗaya da rabi da Mai Fitila. Na san abin da ya sa ya bar hasumiya ta uku, na san wanda ya ci amanarsa, na san dalilin da ba ya kashe fitila ko da rana. Duk suna cikin littafina. Wanda ya zauna gaban allo kuwa minti huɗu na ba shi, uku daga ciki ma tarihi ne. Tsohon bai taɓa miƙa masa komai ba sai mabuɗi da gawa. Ita kuwa tsohuwar rijiya, da kuskurena, ta ba shi kyauta sau 99.



Da dare na zauna na zana abin da gyaran zai ci. A ɗaga mutuwar zuwa bayan kogon farko. Tsohon ya shiga tawaga, ya yi tafiya tare da ita, matakinsa ya fi nata nesa ba kusa ba, shi ke warkarwa, shi ke tare duka. Lissafin duka na asali a manhajar shi ne ƙarfin mai duka sau 4, a cire kariyar wanda aka daka sau 2, don haka idan na ƙara wa dodannin kogon ƙarfi, ita kaɗai ba za ta iya ba, da shi kuma za a wuce lafiya. Bayan ya tafi, hanyar dawowa ta yi tsanani, a ji babu shi a kowane faɗa. Tarihin hasumiyoyin a cire shi daga farko, ya riƙa faɗinsa kaɗan-kaɗan a bakin wuta idan an yada zango.

Na san haka ya fi. Amma kusan duk makunnan babi na ɗaya a kan mutuwarsa suka rataya: ƙofar da ke buɗewa, abin da mutanen ƙauye ke faɗa, kiɗan dare. Sai an warware su ɗaya bayan ɗaya. Ga shi ba shi da hoton faɗa ko ɗaya, don ba a taɓa nufin ya yi faɗa a hannun mai wasa ba. Dole in koma wajen mai zanenmu, wadda ke yi mana aikin nan bayan ta taso daga nata aikin, ba ta karɓar ko sisi, in ce mata ga wani sabon kaya. Na rubuta saƙon, na goge, na sake rubutawa. Yana nan ban tura ba.

Shirun firem 180 ɗin ne ke ci min rai. Ban san ko zai tsira ba.

Kafin in rufe laftop na buɗe shafin tsohuwar rijiya don in sa makunnin da na manta. Aikin daƙiƙa goma ne. Na kai kibiya kan wurin, na daɗe ina kallo. Sai na bar makunnin yadda yake, na koma akwatin da ke sama, wanda tun ranar da na dasa ta ban taɓa ba, na fara tunanin sunan da zan sa mata.