Mindelo, daren Talata: ruwan zartsi a ƙasan jirgi

Famfon da ke kwashe ruwa daga kwarmin ƙasan jirgi ne ya tashe ni yau, tun kafin asuba. Da kansa yake tashi idan ruwa ya taru, ya yi gurnaninsa ya yi shiru. Jiya na ƙirga masa, sau huɗu tsakanin isha'i da ƙarfe 2 na dare. Lokacin da muka baro Dakar kuwa sau ɗaya yake tashi a yini. Kaftin ya ce ai kowane tsohon jirgi yana ɗan gumi. Ban tanka masa ba, amma a zuciyata na ce ruwa ba ya tsami banza. Daga nan Mindelo, a tsibirin São Vicente na ƙasar Cape Verde, zuwa tsibirin Barbados da ke yankin Karebiyan kusan mil 2,000 ne na teku, tafiyar mako biyu zuwa uku da iska kawai, babu tudu, babu kanti, babu wanda za ka kira ya zo da sifana.

Gari ya waye da hazo. Dutsen Monte Cara da ke tsallaken mashigin ruwan ya koma kamar inuwa, tsibirin Santo Antão kuwa ya ɓace gaba ɗaya. Mutanen nan suna ce masa bruma seca, amma ni da na shaƙa na san hazonmu ne na hunturu, ƙurar Sahara ce ta tsallako teku ta same ni a nan. Har leɓena ya fara tsagewa kamar ina Kano.

Bayan shayi na ɗage katakon daɓe, na tsoma yatsa na lasa. Madam ta yamutsa fuska. Ogan da ya koya mini aikin injin jirgi a Apapa ya sha gaya mana cewa harshe ne kayan aikin farko, sai dai ka tofar nan take, domin idan ka ji zaƙi-zaƙi to ruwan sanyaya inji ne, kuma guba ne. Ruwan teku ba ya ɓuya, kusan giram 35 na gishiri ke cikin kowace lita. Ruwan tanki kuma salam yake. Wannan na yau bai zama ko ɗaya ba, zartsi ne, irin na rijiyar da ake wanki da ita amma ba a sha. Wato yoyon biyu ne, sun haɗu a wuri ɗaya. Ruwan sama na cire shi daga lissafi, don a São Vicente watan Janairu ba a maganar ruwan sama, kuma kwana uku ke nan muna ɗaure a tasha, babu igiyar ruwan da ta hau kanmu balle a ce ta taga ko ta gindin ƙarafan sama yake shigowa.

Na kashe famfon, na kwashe ruwan da kofi da soso har bokiti biyu da rabi, na goge ko'ina da tsumma. Sai na ari hodar Madam na barbaɗa a duk inda ruwa zai iya gangarowa, na koma sama na zauna. Haƙurin jiran nan ya fi kwasar wuya. Bayan minti arba'in na dawo na tarar da sawu biyu a cikin hodar kamar na macizai a kan rairayi. Ɗaya ya fito daga wajen madafa, ɗayan daga bayan inji.

Na madafa bai ɗauki lokaci ba. Wata mahaɗar roba ce a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta tsage kamar silin gashi. Ashe shi ya sa famfon ruwan sha yake yin ƙyat da tsakar dare, ni kuwa ina zargin Madam ce ke tashi shan ruwa. Allah ya yafe mini. Na sauya ta. Ruwan da muke zubarwa a banza ma na kuɗi ne, don a tsibirin nan ruwan teku ake tacewa a cire gishirin kafin a sha.

Na bayan injin shi ya cinye mini yini. Sandar da ke juya farfela tana fita ne daga bayan inji ta ratsa jikin jirgi zuwa cikin teku. A daidai inda take fita akwai wata mahaɗa ta tagulla, an cusa mata zare mai maiƙo an matse da babban noti, ita kuma an haɗa ta da bututun jikin jirgi da guntun tiyo mai kauri, kilif biyu a kowane gefe, wato zoben ƙarfe mai kusa da ke matse tiyon. Ƙa'idarta, idan sandar na juyawa ta riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan don kada ta yi zafi, idan an tsaya kuma ta yi shiru ko kusan haka. Duk wannan yana ƙasa da fuskar ruwa. Guntun tiyon nan idan ya saki, famfon ƙasa ba zai iya da abin da zai shigo ba.

To amma ta ina hannu zai kai? Idan ka ɗage matakalar shiga ɗaki, gaban injin ne kawai a buɗe: bel, famfon ruwan teku, ma'aunin baƙin mai. Bayansa kuwa sai ka kwashe duk igiyoyi da jarkokin da ke cikin akwatin waje, ka zura kai ƙasa ƙafafu a sama, kuma duk da haka yatsu biyu ne za su taɓa notin. Na gwada. Na fito da ƙujewa a kafaɗa da jini a kai. Wanda ya tsara wurin nan na tabbata bai taɓa riƙe sifana ba. Daga ƙarshe na ɗaure wayata a jikin sanda, na kunna bidiyo da tocila, na zura. Ruwa ba ɗiga yake yi ba, tsiyaya yake kamar zare, inji kuma a kashe. Ga wani jan layin tsatsa a ƙarƙashin tiyon.

Na ce, "Kaftin, sai mun buɗe ƙofa a bangon ɗakin baya." Ya ce sam. Katakon nan yana shafa masa mai fiye da yadda nake shafa wa ƙafata a hunturu. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana da jirgin, ta akwatin waje ake shiga. Na tambaye shi yaushe rabon da ya ga ƙasan kilif ɗin da idonsa. Ya yi shiru. Na ce idan abin ya saki da dare a tsakiyar teku, jirgi na tangal-tangal, wane ne zai shiga akwatin da ka? Madam ce ta raba gardamar. Ta karɓi wayar ta kalli bidiyon sau biyu, ta shiga ciki ta ɗauko zarto ta miƙo mini.

Ban yanka kai tsaye ba. Sai da na tabbatar bangon ba ya cikin waɗanda ke riƙe da ƙarfin jirgi: siririn katako ne na milimita 12 da aka ɗaure da kusoshi, ba a manne shi da jikin jirgin ba. Na huda ƙaramin rami na leƙa, kuma gara da na yi, don tiyon man dizal yana kwance a bayansa, tazarar yatsa uku daga inda na so bi. Na matsar da zanen sama kaɗan. Santimita 40 a 35, kusurwoyin a zagaye don kada su tsage daga baya. Kaftin ya hau sama wai zai duba igiyoyi, ni dai na san ƙarar zarton ce ba zai iya saurara ba.

Da katakon ya fita, sai ga komai a gabana kamar an ajiye a faranti. Kilif ɗin farko samansa fes, yana ƙyalli. Ina sa masa sukudireba ya rabu biyu a hannuna, tsatsa ta cinye ƙasansa, na biyun ne kaɗai ke riƙe da mu tun ban san yaushe ba. Irin masu arahar nan ne, zoben ƙarfe marar tsatsa, kusar kuma ƙarfen banza. Na kira Kaftin na zuba masa guntayen a tafin hannu. Gani ya kori ji. Ya daɗe yana juya su, sannan ya tafi ya kwaso sababbin da yake ɓoyo, muka gwada su da maganaɗisu, waɗanda kusarsu ta manne da ƙarfi muka ware gefe.

Ɗaya bayan ɗaya na sauya duka huɗun, ba na kwance wani sai na gama ɗaure wani. Sannan na sassauta notin kulle, na ƙara wa babban notin kwatan juyi, na sake ƙarawa kaɗan. Muka ƙara igiyoyin ɗaure jirgi, muka tayar da inji muka sa giya na minti goma sha biyar. Ɗigo biyu zuwa uku a minti. Da muka kashe na ɗora hannu a kan tagullar, ɗumi-ɗumi kawai, kuma ruwan ya tsaya. Zaren cikin ya tsufa, notin ya kusa ƙurewa, wannan aikin gobe ne.

Da la'asar na shafe bakin yankan da gam mai hana ruwa shiga katako, na mayar da soson rage ƙara a bayan murfin. Sakata huɗu yake buƙata don ya rufu gam, saboda ƙara da kuma gobara, ɗakin inji ba a barinsa da kafar iska ta cikin ɗakin kwana. Biyu kawai na samu a gari.

Bayan magariba Inna ta kira. "Ɗan nan, jirgin naku dai ba ya shan ruwa ko?" Na ce, "Inna, yanzu ba ya sha, a dai ci gaba da yi mana addu'a." Ta ce wai me ya sa na ce yanzu. Sai na shiga ba ta labarin hazo.

Na ci kacupa ta kifi, masara da wake, bayan na tambayi mai abincin sau biyu ko babu alade a ciki. Yanzu ƙarfe 11 saura. Famfon ƙasa, da na sake kunnawa, bai motsa ba tun azahar, na kuma bar hodar a barbaɗe don in duba da asuba.