Shirin Damina a Ƙaramin Asibitinmu

Talata, 8 ga Yuli

Ruwan daren jiya ya kwanta a harabar asibiti har bakin ɗakin magani, don haka awon ciki bai fara da wuri ba. Ni da mai kula da magunguna muka kwashe ledojin ƙarin ruwa da kwalayen ORS (garin gishiri da sukari da ake jiƙa wa mai gudawa) daga ƙasa muka jera su a kanta ta sama, firijin rigakafi kuma aka ɗora shi kan bulo. Wannan fa ruwan sama ne kawai. Kogin Haɗeja bai ma cika ba tukuna, kuma duk wanda ya ga 2022 a nan Jigawa ya san yadda yake yi idan ruwan madatsun Tiga da Challawa ya sauko ya tarar ciyawar kacala ta toshe masa hanya.

Bayan azahar muka zauna da dagaci da 'yan kwamitin mazaɓa a zaurensa. Ya ce, "'Yata, faɗi abin da kike so mu yi, mu dai buhunan yashi muka sani." Na ce, "Ranka ya daɗe, sunaye nake nema."

Sunayen mata masu ciki da watan haihuwarsu zai kama Agusta ko Satumba, musamman na ƙauyukan ƙetaren fadama. Idan hanya ta yanke, naƙuda ba ta jiran ruwa ya janye, kuma macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa na iya rasuwa cikin 'yan awoyi. Ina so a lallashi mazajensu su bar su su dawo wurin dangi a cikin gari tun kafin lokaci. Sai masu hawan jini da ciwon sukari, waɗanda ake mantawa da su a sansanin gudun hijira saboda ciwonsu ba ya ihu. A ba su maganin da zai kai su ƙarshen damina. Wani dattijo ya ƙara da abin da ya fi nawa muhimmanci: a rubuta masu kwale-kwale, a yi magana da su kan kuɗi tun yanzu, kada a tsaya ciniki da tsakar dare mace na murƙususu.

Maiduguri ba ta fita raina. Madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori, kafin wata ya cika kuma gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Haka abin yake tafiya: ruwa ya cika masai, ya kwashi ƙazanta ya zuba a rijiya, mutane su taru a makaranta ɗaya suna sha. Shi ya sa na tsaya na koya wa matan da suka zo awo haɗin ORS na gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wadda ta ga gudawa kamar ruwan shinkafa ta fara ba da shi tun a hanya.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kashi 5 na wannan asusu kuma na jinyar gaggawa ne. Tsari ne mai kyau, ina kuma goyon bayansa. Amma motar ɗaukar marasa lafiya ba ta ratsa fadama. A ƙasa irin tamu shirin gaggawa shi ne kwale-kwale mai inji da mansa, da kulorin na tsaftace rijiyoyi, da maganin sarar maciji, a kawo su tun watan Yuni. Kayan agajin da ke zuwa bayan an fara binne yara yana ƙona mini rai.

Da yamma na rubuta takardar neman ƙarin ORS da kulorin da gidan sauro, na kuma kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma muka daidaita yadda zan sanar da shi da zarar mun ga mai amai da gudawa ko da mutum ɗaya ne. Gobe in Allah ya kai mu, ni da ungozoma za mu tsallaka ƙetare mu fara rubuta sunayen.